Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya fito da Sarauniyar Lugu idon duniya

Duk wanda ya taso daga Gangara ya hau kwalta a Gazawa ya nufi Damagaram, in ya wuce Tasawa sai ya ratsa Maijirgi. A garin nan ne kaburburan wasu Turawa biyu suke, kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine, waɗanda sojojinsu da kansu suka harbe a watan Yulin 1899. Tsofaffin ƙasar Tasawa da na Gobir ba su jira littafi ba kafin su san abin da mutanen nan suka aikata, don kakanninsu ne aka ƙone wa rumbuna, aka ɓata wa rijiyoyi. Amma yau in aka tambayi ɗan lakwal a Maraɗi ko a Yamai me ya sani game da wannan shekara, sunan da zai fara fitowa bakinsa shi ne Sarauniya. Mutum guda ne ya jawo haka, kuma ba malamin tarihi ba ne. Ɗan siyasa ne da aka kayar, aka kora, aka ɗaure, sannan ya koma ga alƙalami. Sunansa Abdoulaye Mamani.

An haife shi a 1932 a gabashin Nijar, kuma Damagaram ce garin da aka san shi da shi tun yana saurayi har ƙarshen ransa. Ya yi karatun boko a lokacin da masu yin sa ƴan ƙalilan ne, ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago da wuri. A wancan zamani sandika da siyasa kusan abu ɗaya ne. Wanda ya iya tsayawa gaban Bature mai kanti ya nemi ƙarin albashi ga leburori, shi ne gobe za a ɗora bisa tebur ya yi wa jama'a jawabi a bakin kasuwa. Ta wannan ƙofa Mamani ya shiga tafiyar Djibo Bakary, wadda daga baya kowa ya san ta da suna Sawaba.

Kalmar Bahaushiya ce, kuma ba a Nijar kaɗai ta yi tashe ba. A tsallaken iyaka, ƴan NEPU na Malam Aminu Kano su ma da ita suke kira, har wata jarumarsu ta Zariya, Gambo, ta ɗauke ta ta zama sunanta. A nan gida Sawaba jam'iyyar talakan birni ce: direbobi da yaran mota, teloli, ƴan dako, ƙananan ma'aikata, masu auna gyaɗa. Ƙarfinta yana ƙasar Hausa, daga Damagaram zuwa Tasawa da Maraɗi. A zaɓen 1957 Mamani ya zama ɗan majalisa mai wakiltar Damagaram yana da shekara 25, aka kuma tura shi babbar majalisar yammacin Afirka ta Faransa da ke Dakar. Djibo Bakary ya hau shugabancin gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Kowa na ganin samarin nan su ne za su karɓi tuta ranar da Bature zai tafi.

Shekara guda ta ishi a rushe wannan zato. Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar de Gaulle ya shirya zaɓen raba gardama: a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a fita nan take. Sawaba ta ce a fita, kamar yadda Sékou Touré ya ce a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka haɗa kai da sarakuna da jam'iyyar PPN-RDA, aka matse ƴan Sawaba ta kowace fuska. Masu cewa a zauna suka yi rinjaye. Djibo ya sauka, Diori Hamani ya hau, a watan Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar ɗungurungum. Ranar 3 ga Agustan 1960 da aka yi bikin ƴancin kai, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen neman sa wasu na kaso, wasu na gudun hijira. Mamani yana cikin masu gudun.

Shekara goma sha huɗu ya yi a waje, kuma mafi yawan abin da ake tunawa da shi na wannan lokaci a Aljeriya ne. Bayan Aljeriya ta karɓi ƴancinta da bakin bindiga a 1962, babban birninta ya zama masaukin ƴan gwagwarmaya daga ko'ina: na Afirka ta Kudu, na Gini Bisau, na Mozambik, daga baya har da baƙaƙen fatar Amurka na ƙungiyar Black Panthers. Cikin waɗannan mutane Mamani ya zauna yana yi wa Sawaba aiki. Daga nesa ya ga yadda yunƙurin 1964 ya watse, lokacin da dakarun jam'iyyar suka shigo ta kan iyakoki suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Aka kama su ɗaya bayan ɗaya, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla, ya tsira, aka ƙara tsananta wa duk wanda ake zargi. Akwai gidaje da yawa a jahar Maraɗi da har yau ba a son tayar da zancen shekarun nan.

A wannan zama na baƙunta ne ya fara buga rubutu. A 1972 aka fitar da kundin waƙoƙinsa na Faransanci mai suna Poémérides a Faris, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo, Le Balai, wato tsintsiya. Rubutu ne na mai fushi da mai kewar gida. Da a nan ya tsaya, da sai masu binciken adabi kaɗai ke tuna shi.

Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da Diori, Seyni Kountché ya hau. Aka buɗe wa ƴan gudun hijira ƙofa, da sharaɗin su bar siyasa. Mamani ya dawo, Djibo ya dawo. Murnar ba ta yi nisa ba. A watan Agustan 1975 aka kama Djibo bisa zargin ƙulla makirci tare da Sani Souna Sido, mutum na biyu a gwamnatin sojan, kuma guguwar da ta biyo baya ta kwashi tsofaffin ƴan Sawaba, har da Mamani. Ya shafe shekaru a tsare. Wanda ya tsere wa kason farar hula shekara goma sha huɗu, sai ga shi ya kawo kansa na soja.

A 1980 kamfanin L'Harmattan na Faris ya buga littafinsa, Sarraounia, le drame de la reine magicienne. Ƙaramin littafi ne, ana iya karance shi a yini guda. Kafin a gane abin da ya yi a cikinsa, sai an koma ga abin da ya faru a 1899.

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a watan Yunin 1898 ta bar wa Ingila Sakkwato da kewayenta, ta bar wa Faransa busasshiyar ƙasar da ke arewa. Faransa na son ta haɗa yankunanta a tafkin Cadi, sai ta tura Voulet da Chanoine, waɗanda suka riga suka yi suna wajen rashin imani tun lokacin da suka ci Wagadugu a 1896. Suka taso daga bakin kogin Kwara a farkon 1899 da ɗaruruwan sojoji baƙaƙe, da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata, da garken shanu. Runduna irin wannan ba ta da abinci sai na mutane, ba ta da ruwa sai na rijiyoyin mutane. Garin da ya ba da abin da aka nema an tsiyata shi, wanda ya ƙi an ƙone shi. Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, garin Azna da mace ke riƙe da shi da sarautar Sarauniya. Mutanen Lugu ba su miƙa wuya ba. Suka yi faɗa da baka da kibiya, suka janye cikin kurmi mai ƙaya inda doki ba ya shiga. Turawa suka rasa mutum huɗu, wasu shida suka ji rauni, suka ƙone garin suka wuce. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙwanni, inda aka yi kisan da ya fi kowane muni a tafiyar. Daga nan suka yi gabas.

Labarin ɓarnar ya kai Faris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau da aka kora daga rundunar. Aka turo laftanan-kanar Klobb ya bi sawunsu. Bai sha wahalar gane hanya ba: toka da gawawwaki ne suka yi masa jagora, a Ƙwanni, a Tibiri, a Koran Kalgo inda ya tarar da yara mata a rataye. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, a ƙasar Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, aka kashe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Sauran hafsoshin suka ja rundunar zuwa Damagaram, suka karya dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan. Wato mutuwar mutum biyun nan ba ta hana komai ba. Ƙasar ta ciwu.

A takardun Turawa, Sarauniya ba ta fi ƴan layuka ba. Joalland, ɗaya daga hafsoshin, da ya rubuta tarihin tafiyar bayan shekara talatin ya sa masa suna Le drame de Dankori, ya ambace ta a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta ba su wahala yini guda. A wurinsa abin baƙin cikin shi ne Bature ya harbi Bature. Ko a 1976 da Jacques-Francis Rolland ya fitar da littafinsa Le Grand Capitaine, Voulet ne a tsakiyar fage, baƙaƙe kuwa su ne itacen da ake ƙonawa. Mamani ya ɗauki wannan labari ya juya shi. Ko sunan littafin nasa, da ya maimaita kalmar da Joalland ya yi amfani da ita, kamar amsa ce: abin da ya cancanci a yi wa kuka yana Lugu.

Sarauniyarsa budurwa ce jaruma, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rena, ya koya mata harbi da sanin itatuwa da asirin daji. Ba ta durƙusa wa Sakkwato ba, ba za ta durƙusa wa Nasara ba. Sarakunan da ke kewaye da ita, wasu tsoro ya kama su, wasu na ganin ga damar da za a raba su da matar da ta gagare su. Bayan faɗan, tsoronta ya bi rundunar, ya shiga zukatan sojojin, har abin ya kai ga haukan Voulet da mutuwarsa. A ƙarshe ta rikiɗa ta zama damisa.

A nan dole a faɗi gaskiya: wannan ƙagaggen labari ne, kuma wanda ya ɗauke shi tarihi tsantsa ya yi kuskure. Sarautar Sarauniya a Lugu tun asali ta addinin gargajiya ce. Mai riƙe da ita uwar ƙasa ce, mai kula da tsafi da roƙon damina, a garin da ake zuwa neman hukunci wurin dutsen Tunguma. Ba sarauniyar yaƙi mai fada da barade ba ce. Wata uku cur ne tsakanin faɗan Lugu da mutuwar Voulet, kuma abin da ya tunzura sojojinsa a fili yake: sun ga ya kashe babban hafsan Faransa, ya ce zai kafa daular kansa, sun gane ba za su sake ganin gida ba. Wata mai bincike Bafaranshiya, Elara Bertho, ta bi takardun da bakin mutanen yankin ta nuna yadda littafin ya sāke siffar matar, har ya zamana labarin da Mamani ya tsara ya koma yana shiga cikin abin da ake bayarwa da baki. Akwai kuma wani abin da mai karatu Musulmi zai ji ya tsaya masa a wuya, don littafin bai yi wa Sakkwato da wasu malamai sassauci ba. Mamani ɗan gwagwarmayar hagu ne, kuma haushin sarakunan da suka juya wa Sawaba baya a 1958 bai bar shi ba. Wanda ya san tarihinsa zai ga 1958 tana leƙowa ta bayan 1899 a kusan kowane babi: ga mai cewa a'a ita kaɗai, ga manya sun bi mai ƙarfi.

Duk da haka ba a ce ya yi ƙarya ba. Lugu ta yi faɗa, wannan tabbas ne, a lokacin da garuruwan da suka fi ta girma suka buɗe ƙofa. Abin da ya yi shi ne ya ba ƙasar da aka haɗa da almakashin Turawa wani mutum guda da Bazabarme da Bahaushe da Babarbare za su iya taruwa a kansa. Ya zaɓo mace, ba Musulma ba, daga ƙauyen da ko a taswira da ƙyar ake ganin sa. Zaɓi ne na mai ƙarfin hali.

Littafin ya faɗa hannun abokinsa Med Hondo, ɗan Muritaniya mai shirya fim da ke zaune a Faransa. Suka zauna suka mayar da shi rubutun fim, su biyu tare da Abdoul War. Aiki ne daban da rubuta littafi. Abin da marubuci zai bayyana a shafi uku na tunanin mutum, a fim sai an mai da shi abin da ido zai gani ko kunne zai ji, shi ya sa waƙa da kirarin maroƙa da faɗin fili suka samu babban wuri. An shirya a ɗauki fim ɗin a Nijar, har magana ta yi nisa da hukuma, sai gwamnati ta janye ana dab da farawa. Ba abin mamaki ba ne ga mulkin da ke sayar wa Faransa yuraniyom, a ce ya ɗauki nauyin fim ɗin da ke tone mata asiri, wanda kuma tsohon fursunansa ya rubuta. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta karɓe su. Can aka yi aikin, wata ƴar ƙasar mai suna Aï Keïta ta fito a Sarauniya, Jean-Roger Milo ya fito a Voulet, Féodor Atkine a Chanoine, Pierre Akendengué na Gabon ya yi kiɗan. Wannan ƙaura ta bar tabo: Sarauniyar Lugu, Bahaushiya, a fim ɗin da ya kai sunanta duniya, Julanci take yi.

Fim ɗin ya fito a 1986. A Faransa gidajen sinima kaɗan ne suka nuna shi, aka kuma sauke shi da wuri. A Wagadugu kuwa, a bikin FESPACO na 1987, shi ya lashe babbar kyauta ta Yennenga, wadda wani ɗan Nijar, Oumarou Ganda, ya fara ci a 1972. Watanni kaɗan bayan bikin aka kashe Sankara, ranar 15 ga Oktoba. Kountché ya rasu wata guda bayansa.

Daga nan sunan ya fi ƙarfin mai shi. Ya shiga littattafan makaranta, ya shiga waƙoƙi da raye-rayen ƙungiyoyin samari, aka sa wa gidan rediyo da talabijin, aka sa wa makarantu da shaguna. Hukumomin da suka zo bayan juyin mulkin 2023 sun ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Mafi yawan masu kiran sunan ba su taɓa riƙe littafin ba, don da Faransanci aka rubuta shi, harshen da jikokin mutanen Lugu da na Koran Kalgo ƙalilan ne ke karantawa. Da yawa ma ba su san akwai wani Abdoulaye Mamani ba.

Shi kuwa ya koma Damagaram ya ci gaba da rubutu, ba tare da ya sake samun abin da ya kai Sarraounia amo ba. Ya ga taron ƙasa na 1991, ya ga an dawo da jam'iyyu har da Sawaba, wadda ta dawo a rarrabe kuma ba ƙarfi. Ya ga ɗan garinsu, Mahamane Ousmane, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Maris na 1993. Rubuce-rubuce da dama ya bari a akwati, sai bayan ransa Jean-Dominique Pénel da wasu suka tattara suka buga, ciki har da Le puits sans fond.

A 1993 aka ba shi kyautar adabi ta ƙasa mai ɗauke da sunan Boubou Hama. Boubou Hama marubuci ne babba, amma kuma shi ne shugaban majalisar dokoki kuma jigon PPN-RDA duk tsawon shekarun da ake farautar ƴan Sawaba, kafin shi ma Kountché ya ɗaure shi. Mamani ya kama hanyar Yamai don ya karɓi kyautar. Hanya ce guda, ta kusan kilomita 900, wadda ta bi ta Maijirgi da Tasawa da Gazawa da Agiye, ta wuce Tibiri da Gidan Rumji da Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi, kusan sawun rundunar 1899 in an juyo shi. Motar ta yi hatsari a hanya. Ya rasu yana da shekara 61, bai isa Yamai ba.